Shigar mai karɓo motar bashi: tambayoyin da sababbin yara ke yi mini a Bauchi

Na daɗe ina aikin karɓo ababen hawan da aka ɗauka bashi aka kasa biya, abin da 'yan banki ke kira rikoba. A nan Bauchi Keke Napep ya fi yawa a hannunmu, sai babura, sai motocin haya irin su Sharon da homa da ke jigila zuwa Jos da Gombe da Azare. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aikin ya ƙaru, domin balas ɗin, wato kuɗin da direba ke iya kawo wa mai abin hawa, ya daina kai abin da aka rubuta a takarda. Samari da yawa sun shigo harkar. Duk wanda ya zo wurina, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne kamasho. Maganar tufafi ba ta tasowa sai bayan ya sha kunya sau ɗaya. Ga abin da nake gaya musu.

Wai tufafi ma har abin tambaya ne? Ba takarda ce ke aiki ba?

Takarda tana cikin jaka, kafin ka fito da ita an riga an gama karanta ka. Mai shayin bakin layi ya karanta ka, yaran da ke ƙwallo sun karanta ka, matar gidan ta leƙo ta kafar ƙyaure ta yanke hukunci. A idon unguwa, baƙon da ya nufi abin hawan wani ɗayan uku ne: hukuma, ɓarawo, ko baƙon arziki. Idan aka ɗauke ka hukuma, mai bashin da kake nema zai bi ta bayan gida ya sulale. Idan aka ɗauke ka ɓarawo, Allah ya kiyaye, domin kowa ya san yadda ake satar keke da babur, kuma ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa a taru a kanka kafin ka buɗe zik ɗin jaka. Shigarka ita ce za ta sa ka a layi na uku, inda za a shimfiɗa maka tabarma a ce bari a kira shi.

Me zan sa idan zan je wurin manajan banki ko kamfanin da zai ba mu aiki?

Kaftani mai tsafta da guga, da hula, da takalmi sau-ciki wanda ya ga burushi. Shi ke nan. Shadda ko yadi duk ɗaya ne, in dai ɗinkin ya zauna kuma wuyan rigar bai yi baƙi ba. Launi mai sanyi ya fi: ruwan toka, sararin samaniya, ruwan ƙasa, makuba mai duhu.

Ka fahimci abin da manaja yake tsoro. Ba ya tsoron ka kasa kawo motar, don in ka kasa wani zai ba. Abin da ke hana shi barci shi ne ka je ka yi rigima da sunan bankinsa, a ɗauka a waya, gobe ya ga bidiyon a Facebook, jibi takardar lauya ta iso tebur ɗinsa. Saboda haka yana duba ka ne ya ga ko kai mutum ne da za a tura ƙofar gidan dattijo. Yaron da ya shigo da riga mai matse damtse da sarƙa a wuya yana zaton ƙarfi yake tallatawa, shi kuwa manaja shari'a yake hangowa.

Bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, da ƙananan bankunan ba da rance, da ƙungiyoyin adashin ma'aikata, duk wannan shigar ta wadatar a wurinsu.

Kwat da nektai fa? Na ga 'yan banki suna sawa.

Su suna cikin sanyin AC, kai kuma daga nan rana za ka shiga. In kana da kwat wanda tela ya auna maka, kuma taron da baƙi ne daga Legas ko Abuja, sa abinka. Amma kwat ɗin gwanjo mai faffaɗar kafaɗa, a zafin Afrilu, ka hau acaɓa daga Yelwa zuwa cikin gari, ka isa gumi ya zana maka taswira a baya, wannan ba kwalliya ba ce. Zanen aro ba ya rufe katara.

Idan mai ba da aikin Alhaji ne mai kekuna ko dila, ba banki ba?

Nan ma kaftani da hula, amma ka rage ƙyalli. Alhajin da ya zuba kekuna ashirin ko talatin a titi ya san farashin kowane yadi a Kasuwar Wunti. Ka je masa da gezna mai sheƙi da agogo mai nauyi, zai yi murmushi, ya ce sannu da zuwa, a ransa kuma yana lissafin cewa wannan yaron ko dai zai tsuga kuɗin aiki ko kuma zai haɗa baki da direbobi. Ka cire takalmi inda ka ga nasa yaran sun cire, ka rusuna ka ce ranka ya daɗe, ka bar shi ya fara kawo maganar kuɗi.

To ranar zuwa wurin mai bashin kansa?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yara suka fi kuskure.

Ka fara da tuna ko wane ne shi. Galibi magidanci ne da ya biya wata da watanni kafin abu ya cije: injin ya buga, ko matarsa ta haihu da tiyata, ko farashin mai ya cinye ribar. Akwai 'yan damfara, ban musa ba, waɗanda ke sauya wa keke fenti su kai shi wata jiha. Amma ba su ne mafi yawa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutumin nan abin da ya fi tsoro ba rabuwa da keken ba ne kaɗai, har da a ce maƙwabta sun gani. Duk shigar da za ta sanar wa layi cewa masu bin bashi sun zo, ta tona masa asiri, kuma wanda ka tona wa asiri a gaban 'ya'yansa ba zai miƙa maka makulli cikin daɗin rai ba.

Ka sa irin kayan da ɗan'uwa zai sa ya zo gaisuwa: kaftani ko jamfa na yadi mai sauƙi, wankakke, da hula wadda ba ta da tsada. Kada ka fi shi shiga da nisa. Na taɓa yin wannan kuskuren. Daga wurin ɗaurin aure na wuce wani gida a bayan Fadamar Mada, ina cikin malum-malum fara tas da ta sha sitati, sai ƙamshi nake. Mai gidan ya fito da singileti da tsohon wando, hannunsa duk baƙin mai, don yana ƙoƙarin gyara keken da kansa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, kuɗin wannan rigar taka ya biya mini sati nawa?" Ban sami amsa ba. Maƙwabta suka fara taruwa, kowa na cewa ku ji tsoron Allah. Takarduna cikakku ne, gaskiya tana hannuna, amma ranar haka na dawo hannu rabbana. Bayan kwana huɗu na koma da tsohon yadina ruwan toka, muka zauna a zaure, aka kawo ruwa a kofin silba, muka yi lissafi a bayan ambulan. Da kansa ya tuƙo keken zuwa gareji bayan sallar isha, lokacin da layi ya yi shiru. Abin da ya roƙa ke nan, kada a tafi da shi da rana.

Kuma kada ka faɗa ɗaya ramin. Yagaggen jins, gashi a cukurkuɗe, hular hana-salla da aka juya baya, silifas ɗin wanka: wannan shigar 'yan daba ce, a Bauchi sunanta sara-suka, a Gombe kuma Kalare. Ko kai limami ne a unguwarku, wanda bai san ka ba abin da zai gani ke nan.

Akwai launin da zan guje wa?

Farar riga mai gajeren hannu da baƙin wando, an yi zanzaro. Wannan kayan VIO ne, jami'an duba lafiyar motoci, a idon kowane direba. Farkon shigata aikin na yi wannan shigar, ina ji da kaina, ga fayil a hammata, na tsaya kusa da Wunti ina jiran wani keke da aka ce yana lodi a wurin. Kafin in tsallaka titi layin kekunan ya watse, har da waɗanda ba ruwana da su. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce, "Yallaɓai, yau kamen da wuri aka fara?" Wanda nake nema kuwa sai da na yi sati biyu ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Haka baƙi daga sama har ƙasa da baƙin tabarau, an ɗauke ka ɗan sandan ciki. Jar falmaran, an ce EFCC. Riga ruwan ƙasa-ƙasa da baƙin wando, ga Road Safety nan. Direba ya fi kowa sanin kakin hukuma, daga nesa yake gane shi.

Amma ai in suka ɗauka hukuma ce sun fi saurin ba da makulli?

Wani lokaci haka ne, kuma shi ya sa wasu ke yi. Ni dai yaron da ya yi wannan ya bar aiki a wurina.

Sojan gona laifi ne. A ƙarƙashin Penal Code, dokar hukunta laifuffuka da ake aiki da ita a Arewa, yin shigar ma'aikacin gwamnati ko riƙe alamarsa don a zaci kai shi ne abu ne da ake ɗaure mutum a kai. Wando ko hula mai zanen kakin soja kuwa, tun kafin a je kotu za ka yi bayani a shingen bincike, kuma ba a tsaye za ka yi shi ba. Bayan haka, ko ɗan sandan gaske ba a ba shi ikon kama mutum kan bashi zalla ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. To kai da ka ari baƙar riga da takalmin but, wane iko ka ara?

Kuma karɓar da aka yi da tsoratarwa tana iya rushewa a gaban alƙali, a ce a mayar da mota, a biya diyya. Wanda ya ba ka aikin zai ce bai san ka ba.

Rigar kamfani mai tambari da katin shaida fa?

Katin shaida dole ne, mai hoto da sunan kamfani da lambar da za a kira a tabbatar. Amma ni ba na rataya shi a wuya in shiga layi. Yana aljihun gaba, ina yin sallama ina zama nake fito da shi in miƙa da hannu biyu. Falmaran mai ƙyalli da aka rubuta sunan kamfani a baya tana da amfani a gareji, ko a bakin titi lokacin da janwe ke ɗaga mota, don masu wucewa su san aiki ake yi ba sata ba. A ƙofar gidan mutum kuwa ba ta da maraba da kiran mai shela.

Jaka ma tufafi ce a wannan aikin. Ka samu ƙarama mai ratayawa wadda ruwa ba ya shiga, domin abin da ke cikinta shi ne kariyarka: kwafin yarjejeniya, lissafin abin da aka biya da abin da ya rage, lambar inji da ta shasi, takardar da ta nuna an wakilta ka, da kwafin sanarwar da aka aika wa mai bashin. Dokar jinginar da kadarori masu motsi ta 2017, wadda rajistarta ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, ta ce a ba da sanarwa a jira kwana 10 kafin a karɓi kaya, kuma ba a karɓa ba tare da kotu ba sai in mutumin ya amince da haka a cikin yarjejeniya. Dokar Hire Purchase ta 1965, wato ta sayen kaya ana biya kaɗan-kaɗan, kuma ta ce idan mai mota ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, ba a ƙwace ta sai ta hanyar kotu, illa dai in biya uku ko fiye suka taru a kansa bai biya ba, mai kaya na iya ajiye ta a wurinsa don kada ta lalace kafin a yanke hukunci. Ka duba lissafin nan tun kafin ka goge rigarka. In mutum ya haura wannan kason, zuwa wurin lauya ya kamace ka, ba zuwa gidansa ba.

Ranar da za a ɗauki motar, ai kaftani zai hana ni aiki?

Zai hana. Shi ya sa ba mutum ɗaya ke zuwa ba. Mai magana yana cikin kaftaninsa, bakanike ko direba yana cikin kayan aiki: wando mai kauri, riga mai duhu, takalmi rufaffe. In kai kaɗai ne, sa jamfa mai gajeren hannu wadda ba ta wuce gwiwa ba, ka ajiye tsohuwar riga a but don leƙa ƙarƙashin mota. Babbar riga kam a'a. Tana kama ƙofa, tana shiga sarƙar babur, kuma in rigima ta tashi ita za a fara riƙewa.

Mata suna wannan aikin. Su fa?

Suna yi, kuma akwai inda suka fi mu. Gidan da aka rubuta "ba shiga" ni iyakata zaure, ita kuwa har tsakar gida. Sau da yawa ma sunan matar ne a takarda, ita ta ɗauki keken ta ba ƙaninta ko ɗanta yana ja.

Atamfa ɗinkin mutunci da mayafi mai kauri, ko abaya marar duwatsu, ko hijabi. Wadda ba Musulma ba ce, doguwar riga ko siket mai tsawo da ɗankwali sun isa a karɓe ta a ko'ina cikin gari. Takalmi marar tsini, don layukanmu ba kwalta ba ne. Gwal da leshi a bar su sai ranar biki. Wata abokiyar aikinmu takan ce in za ta shiga gidan mai bashi tana yin shigar da za ta yi in za ta je duba mai jego, kuma ban taɓa jin an ɗaga mata murya ba.

Turare, agogo, waya?

Turare kaɗan, wanda zai kashe warin rana. Agogo mai sauƙi. Babbar waya ta zauna a aljihu har sai za ka ɗauki hoton motar da mitarta, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauka. Goro ko cingam a baki lokacin magana da dattijo rashin kunya ne.

Lokacin hunturu ina rufe fuska saboda ƙura. Laifi ne?

A kan babur ba laifi. Amma tun kafin ka shiga layin ka sauke takunkumi, ka cire hular sanyi mai rufe kunne, ka kwance rawani in ka naɗa, ka cire baƙin tabarau. Mutum biyu a babur ɗaya, fuska a rufe, suna tambayar gidan mai keke da sanyin safiya: kai ma in a layinku ne ka san abin da za ka zata. Rigar sanyi ka sa ta a cikin kaftani, ba jibgegiyar jaket a sama ba, don kada a yi tunanin ka ɓoye wani abu. Farin kaya kuma daga Disamba zuwa Fabrairu wahala ne, kafin ka kai Ningi ko Darazo ya koma ja. Da damina ka riƙe lema da takalmin da ba ya tsoron taɓo.

In na tarar ana zaman makoki ko suna a gidan?

Ka yi ta'aziyya ko barka, ka yi addu'a, ka tashi. Jakar ma kada ka buɗe. Wannan shi ne wani amfanin kaftani da hula: ka saje da jama'a, ba wanda ya san abin da ya kawo ka sai shi mai gidan, kuma zai riƙe maka wannan alherin. Ranar Juma'a ba na zuwa gidan kowa kafin a sauko daga masallaci. Da azumi kuma ba na zuwa dab da shan ruwa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ba ni ke da kuɗin ba, ba ni da ikon yafewa, amma zaɓen rana da sa'a a hannuna yake.

Zama wurin mai unguwa, ko ofishin yuniyan, ko kotu?

Wurin mai unguwa ko hakimi, cikakkiyar shiga da hula, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa ka yi gaisuwa. Kai ba hula a gaban sarauta, an gama da kai kafin ka yi magana. A tasha kuwa, kada ka taɓa mota a kan layin lodi ba ka ga ciyaman ɗin ƙungiyar direbobi ta NURTW na wurin ba. Ka je masa da shiga mai sauƙi, ka zauna a bencinsu, in an miƙo shayi ka karɓa. Sau da yawa su ne ma za su kira direban su sasanta, a tsara yadda zai cike giɓin, mota ta ci gaba da aiki. A kotu, mafi kyawun kaftaninka mai launi natsattse, waya a kashe.

Ban fara samun kuɗi ba. Kaya nawa zan tanada?

Kala uku sun isa. Ɗaya mai ɗan kyau na ofis da kotu, biyu na yadi mai sauƙi na shiga unguwa. Hula biyu. Ka shiga Wunti ko Central Market ka yanki yadin da ba ya cin guga da yawa, ka kai wa tela ka ce ya yi maka aljihun gaba mai zurfi wanda kati da biro za su zauna, da aljihun gefe mai zik saboda makullai. Kada ya cika aiki a wuya. Kuɗin da za ka zuba a surfani ka ba mai wanki da guga.

Takalmi fa, sau-ciki ko buɗaɗɗe?

Na ofis sau-ciki. Na unguwa kuwa ka nemi wanda ake tuɓewa da sauri ba tare da an sunkuya ba, mai ƙasan roba da ba ya santsi. A rana ɗaya za ka iya tuɓe shi sau goma: zaure, masallaci, ƙofar mai unguwa, shagon Alhaji. Mai igiya zai bar ka a durƙushe kana fama da ƙulli, mai gida na tsaye a kanka yana jira. Kuma ka duba safarka kafin ka fito. Na taɓa zama a kan tabarmar wani mai bashi ina karanta masa sharuɗɗan yarjejeniya da murya mai nauyi, ashe babban ɗan yatsana ya leƙo ta hujin safa, ƙaramin ɗansa na zaune a gefe yana ta ƙoƙarin kama shi.